Rake, tumatir da buhun yuriya: gyara ga yadda ake koyar da sauri da daidaito a kemistiri

Mai karatu, idan ka yi ajin kimiyya a sakandare, ko kana da ƙane ko ƙanwa a SS2 yanzu, ka san babi biyun nan na kemistiri da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya: saurin sauyin sinadarai, sai kuma daidaiton sinadarai. Ka kuma san yadda ake yi da su. A cika allo da rubutu, ɗalibai su kwafe. A haddace abubuwan da ke ƙara sauri: zafi, kaurin haɗi, laushin niƙa, matsi, haske da katalis. A haddace dokar Le Chatelier kalma da kalma. A haddace cewa ana haɗa amoniya a zafin digiri 450 da matsi ninki 200 na iskar da muke ciki. Ranar WAEC ko NECO a juye a takarda, shi ke nan, an rabu lafiya.

Ƙorafinmu a yau kan wannan salon koyarwa ne. Muna ganin yana cutar ɗalibi ta fuska biyu. Yana barin sa da fahimta mai giɓi, wadda tambaya ɗaya ta JAMB mai ɗan lauje za ta kayar. Sannan yana ɓoye masa cewa babin nan biyu, a yanki kamar Ikara, Makarfi da Kudan, su ne bayanin abin da ke cin kuɗin gidansu kowace shekara. Yaron da ya taso yana ganin ana dafa mazarƙwaila, ana shanya tumatir, ana zuba wa masara taki, ya riga ya ga kusan duk abin da ke cikin darasin tun kafin ya shiga aji. Sai ya shiga a koya masa shi kamar labarin wata duniya.

Tambayoyi biyu da aka cakuɗa

Duk sauyin sinadarai ana yi masa tambayoyi biyu. Ta farko: ina zai tsaya idan an ba shi lokaci? Wannan shi ne daidaito. Ta biyu: da wane sauri zai isa can? Tafiya Kano daga Makarfi ce: sanin cewa Kano za ka je bai gaya maka a mota za ka ko a ƙafa ba. Babbar matsalar koyarwar hadda ita ce ɗalibi yana fita da tunanin cewa abu ɗaya ne, wai duk abin da ya ƙara sauri zai ƙara yawan abin da za a samu.

Ɗauki rake, tunda shi ne abin da aka san Makarfi da shi. Zaƙin rake wani sukari ne da ake kira sukuros. Idan sukuros ya haɗu da ruwa yana iya tsagewa gida biyu, ya zama gulukos da furuktos. Ta fuskar daidaito, wannan tsagewa tana son tafiya kusan har ƙarshe. To me ya sa sukarin da ka jiƙa a ruwa mai tsabta ba ya tsagewa nan take? Saboda saurin ya yi ƙasa ƙwarai. Amma ka kawo tsami da zafi, ko wani inzayim mai suna inbatas da ke cikin raken kansa da cikin ƙwayoyin yis, sai abin ya kama gudu.

Nan ne maganar ta shafi mai mazarƙwaila. Sukuros shi ne ke daskarewa ya ba da curi mai tauri da ɗan yashi-yashi a baki. Gulukos da furuktos kuwa ba sa son daskarewa, kuma furuktos na janyo laima daga iska. Raken da aka sare aka bari ya yi kwanaki a rana, da ruwan raken da aka matse aka bari ya fara tsami kafin a ɗora a wuta, duka suna rasa sukuros. Sakamakon shi ne mazarƙwaila mai danƙo da ke narkewa a ajiye. Shi ya sa manyan masana'antun sukari ke gaggawar matse rake bayan sara, suna kuma zuba wa ruwan farar ƙasa don su kashe tsaminsa kafin dafawa.

Wani abin da zai ba ka mamaki: da wannan sauyin na sukarin rake aka buɗe fagen nan gaba ɗaya. A shekarar 1850 wani Bajamushe, Ludwig Wilhelmy, ya zuba asid a ruwan sukari yana auna yadda yake tsagewa lokaci bayan lokaci, ya gano cewa saurin yana tafiya ne da yawan sukarin da ya rage. Aikinsa ake ɗauka a matsayin awon farko na saurin sauyin sinadarai da lissafi. A 1913 kuma, a Balin, Leonor Michaelis da Maud Menten suka fitar da lissafin aikin inzayim da ɗaliban likitanci ke karantawa har gobe, kuma da inbatas da sukuros suka yi gwajinsu. Ka ga ke nan ɗalibin Makarfi na zaune a kan misalin asali, amma ana ba shi misalin ƙwayar zinki a cikin asid da mai yiwuwa bai taɓa gani da idonsa ba.

Zafi: amsar da ake ba maki rabin gaskiya ce

Tambayi ɗalibi me ya sa zafi ke ƙara sauri, zai ce maka ƙwayoyin sinadari na ƙara gudu, sai su riƙa karo da juna da yawa. Ba ƙarya ya yi ba, amma ƙaramin ɓangaren ya kawo. Idan ka ɗaga zafi daga digiri 25 zuwa 35, yawan karon bai ƙaruwa da ko kashi 2 cikin 100. Amma saurin sauye-sauye da yawa sai ya kusa ninkawa. To daga ina ragowar ta fito?

Amsar ita ce yawancin karo a banza yake tafiya. Sai ƙwayoyin da suka zo da ƙarfin da ya kai wani mizani ne ke iya karya tsohon ɗauri su ƙulla sabo. Ka ɗauke shi kamar katanga: taron yara na ta tsalle, ƙalilan ne ke haurawa. Ɗan ƙarin zafi yana ninka adadin masu iya haurawa, ko da yake yawan tsallen bai canza sosai ba. Wannan shi ne bayanin da Svante Arrhenius, mutumin Siwidin, ya kawo a 1889. Katalis kuma gajeriyar katanga yake buɗewa a gefe, kuma yana buɗe ta ga mai shiga da mai fita baki ɗaya. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai ƙa'idar nan da ake haddacewa, wai kowane ƙarin digiri 10 na ninka sauri. Ƙiyasi ne mai amfani, amma doka ce mai iyaka, kuma tumatir zai nuna maka duka biyun. Tumatir da aka tsinka a fadama yana nan da rai, yana numfashi, inzayim na ta narkar da gamin da ke riƙe da tsokarsa. Kwandon da ya yini a rana a zafin digiri 40 zai iya lalacewa wajen ninki huɗu fiye da wanda ke wuri mai digiri 20. Shi ya sa tsinka da sassafe da ajiyewa a inuwa ba ƙaramar dabara ba ce. Shi ya sa kuma tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000, take tsawaita kwanan kayan miya a lokacin rani.

Iyakar kuma fa? Jan launin tumatir wani sinadari ne mai suna laikofin, inzayim ke ƙera shi. Da zafi ya haura wajen digiri 30 zuwa 32 sai ƙirar ta tsaya, tumatir ya nuna da launin ruwan ɗorawa. Idan zafi ya ƙara yawa ma inzayim ɗin lalacewa yake yi ɗungurungum. Masana'antun tumatirin gwangwani, irin wadda aka kafa a Ikara a 1981, da wannan ake cin moriya a sana'arsu: a ɗaga zafin niƙaƙƙen tumatir da sauri don a kashe inzayim kafin ya tsinka shi, sai a samu mai kauri. Ɗalibin da ya haddace "zafi na ƙara sauri" kawai ba zai iya bayyana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Lambobin Haber ba tare da dalilinsu ba

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma masara ba ta iya cin ta a haka. Sai an haɗa ta da haidirojin ta zama amoniya:

N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃

Fritz Haber ya nuna yiwuwar hakan a 1909, Carl Bosch ya mayar da shi masana'anta a Oppau ta Jamus a 1913. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau da abincin da wannan taki ya noma suke rayuwa.

A aji, abin da ake ba ɗalibi lambobi ne. Abin da ake tsallakewa shi ne cinikin da ya haifar da su, alhali nan ne daɗin darasin yake. Haɗuwar nan zafi take fitarwa, saboda haka ta fuskar daidaito sanyi ya fi ba da amoniya mai yawa. A zafin ɗaki daidaiton yana wajen amoniya sosai. Sai dai ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin naitirojin biyu ɗauri uku ne, yana cikin mafi ƙarfi da aka sani, don haka a sanyi sai ka shekara kana jira ba ka ga komai ba. Ka ƙara zafi, sauri ya samu, amma rabon amoniya ya ragu. Sauri ya haifi nawa ke nan. Digiri 400 zuwa 450 sulhu ne tsakanin biyun. Matsi mai yawa na taimakon daidaito, domin ƙwayoyi huɗu ne ke komawa biyu, amma tukunyar da za ta jure shi kuɗi ce. Katalis na ƙarfe yana kawo sauri kawai. Tunda gajeriyar katangar ta masu shiga da masu fita ce, ba ya ƙara ko ɗigon amoniya a kan abin da daidaito ya yanke.

Da duk wannan, kusan kashi 15 cikin 100 kawai ke zama amoniya a zagaye ɗaya. Dabarar da ta ceci masana'antar ita ce a sanyaya iskar, amoniya ta zama ruwa a kwashe ta, a mayar da ragowar cikin tukunya. Ana ta kwashewa, haɗin na ta bin daidaiton da ba a bari ya kai ba, har a ci kusan duka. Wannan dabarar ce ke aiki a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Dangote da aka ƙaddamar a Legas a 2022. Daga nan a haɗa amoniya da iskar kabon ta zama yuriya, a ɗura a buhu, tirela ta kawo Arewa.

Abin da ke faruwa da buhun a gona

Yanzu biyo buhun zuwa gonar masara a Hunƙuyi ko wani ƙauyen Ikara. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, wato buhu mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23. Idan ka narkar da ita a ruwa mai tsabta za ta daɗe ƙwarai ba ta rushe ba. Amma ƙasar gona cike take da wani inzayim mai suna yuriyes, wanda ƙananan halittun ƙasa ke samarwa. Da laima da ɗumi, cikin 'yan kwanaki ya farfasa ta. Abin da ke fitowa yana zama a siffa biyu masu juyawa zuwa juna:

NH₄⁺ ⇌ NH₃ + H⁺

Ta hagu, amoniyom, tana maƙalewa a jikin ƙasa, saiwa ta samu. Ta dama, amoniya, iska ce, tashi take yi. Wace ce za ta rinjaya? Ma'aunin tsami, wato pH, shi ke yanke hukunci. A zafin digiri 25, idan pH na 7, wajen 6 cikin 1,000 ne kawai ke siffar amoniya. A pH 8 ya kai kashi 5 cikin 100. A pH 9 ya haura kashi ɗaya cikin uku. Matsalar ita ce rushewar yuriyar da kanta tana ɗaga pH na ƙasar da ke kewaye da ƙwayar takin zuwa wajen 9, ko da asalin gonar mai ɗan tsami ce. Zafin rana kuma yana ƙara tura daidaiton dama.

Ga wurin da hadda ta fi yin ɓarna. Ana koya wa ɗalibi cewa daidaito sai a rufaffen wuri, ya rubuta, ya wuce, ba a nuna masa abin da ke faruwa idan wurin a buɗe yake ba. Kwalbar lemo da murfinta za ta yi watanni gas ɗinta na nan, domin yawan wanda ke fita daga ruwan daidai yake da wanda ke komawa. Buɗe ta ka ajiye, kafin dare ta salance. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa buɗaɗɗiyar kwalba ce. Iska ta kwashe amoniyar da ta taso, amoniyom ya sake juyewa don cike gurbin, iska ta sake kwashewa. Dabarar da injiniya ke yi da gangan a Eleme don ya tara amoniya, ita ce iska ke yi wa manomi a Kudan don ta raba shi da ita. Idan yanayi ya haɗu, wato ƙasa mai laima, rana mai zafi, iska na kaɗawa, ruwa bai sauko ba, asarar kan kai kashi 30 cikin 100 ko fiye. Ka yi lissafi da kuɗin buhu a kasuwarku: a cikin buhu uku, kusan guda ya tafi sama.

Shawarar malaman gona ta a tona ɗan rami a gefen shuka, a zuba, a rufe da ƙasa, ma'anarta a mayar wa kwalbar murfinta. Amoniyar da ta taso sai ta ratsa ƙasa, a hanya ta koma amoniyom ta maƙale. Ruwan sama mai kyau jim kaɗan bayan zubawa shi ma yana shigar da takin ciki. Haɗa irin wannan taki da toka kuwa ganganci ne, domin toka na ɗaga pH. Duk wannan yana cikin manhajar SS2, sunansa kawai ba a kira ba.

Dokar Le Chatelier ma tana tuntuɓe

Henri Le Chatelier, Bafaranshe, ya fitar da dokarsa a 1884: idan aka takura wa abin da ke cikin daidaito, zai karkata ta inda zai rage takurar. Jagora ce mai kyau, amma ana koyar da ita kamar ba ta da makusa, kuma lafazinta a sake yake. Gwada ɗalibi da wannan: a tukunyar amoniya mai girman da ba ya canzawa, an ɗura iskar argon wadda ba ta shiga haɗin, matsi ya ƙaru. Ina daidaito zai karkata? Mai hadda zai ce dama, tunda an ƙara matsi. Gaskiyar ita ce ko motsi ba zai yi ba, domin cunkoson naitirojin da haidirojin da amoniya bai canza ba. Haka nan idan ana gasa dutsen farar ƙasa a rufaffen wuri, ƙara dutsen ba ya ƙara matsin iskar kabon da ke samansa.

Akwai ma'aunin da ba ya irin wannan kuskure, kuma ya girmi dokar da shekara 20. A 1864 Guldberg da Waage, mutanen Nowe, suka kafa tushen lambar daidaito, K. Ka lissafa rabon kayan da aka samu a kan kayan da aka zuba a halin da ake ciki, ka kwatanta da K. Idan bai kai ba, haɗin zai ci gaba. Idan ya haura, zai koma baya. Zafi ne kaɗai ke canza K. Ɗalibai na koyon rubuta K, amma da wuya a sa su yi hukunci da ita.

Kalmar "daidaito" ma tana da tarko a Hausa, domin tana kawo hoton sikeli, rabi nan rabi can, komai tsit. Abin da ya yi daidai saurin tafiya ne da saurin dawowa. Kamar kasuwa da tsakar rana: masu shiga da masu fita sun yi kunnen doki, cikar kasuwar ba ta canzawa, amma ba wanda ke tsaye.

Uzuri, da abin da za a iya yi duk da haka

Adalci ne a faɗi cewa malamin kemistiri a karkara na aiki cikin ƙunci: aji cike, kayan gwaji babu ko sun ƙare, manhaja doguwa. Jarabawar gwaji ta WAEC da NECO kuma ta fi karkata ga awon asid da gano gishiri, don haka ɗan abin da ke akwai can ake tanadar wa. Malamin da ya koyar da abin da za a ba maki bai yi laifi ba. Masu tsara tambayoyi su ma da nasu kason: muddin "kawo dokar Le Chatelier" na ba da maki cikin sauƙi, hadda za ta ci gaba.

Sai dai babin nan biyu ba sa buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Ruwan zoɓo ma'aunin tsami ne: ɗiga masa lemon tsami ya yi ja wur, ɗiga ruwan toka ko kanwa ya koma duhu mai kore-kore, sake sa lemon tsami ja ya dawo. Daidaito ke nan yana kai da komo a gaban ido. Ɗanyen waken suya na ɗauke da yuriyes: niƙa shi, zuba a ruwan yuriya mai ɗan zoɓo, ka raba kofi uku, ɗaya cikin ruwan randa, ɗaya a inuwa, ɗaya a rana, ka auna lokacin canjin launi da agogon waya. Yi na huɗu da dafaffen wake ka ga ko zai motsa. A kula dai, ba a sha, ba a kuma kai hanci kusa. Da kofi huɗun nan an koyar da katalis, da tasirin zafi, da mutuwar inzayim, da dalilin rufe taki.

Kai kuma mai karatu, idan akwai ɗan SS2 a gidanku, kada ka tambaye shi dokar Le Chatelier, ya iya ta. Tambaye shi me ya sa ake binne yuriya, da me ya sa raken da ya kwana biyu ba ya ba da mazarƙwaila mai kyau. Idan ya amsa da abin da ke cikin littafinsa, karatu ya zauna. Idan ya yi shiru, ku nemi zoɓo da waken suya ku zauna tare kafin lokacin zuba taki ya zo.